Tambaya da Amsa: Matsalolin Laimar Dirowa Daga Jirgi da Binciken Kaya Kafin Tashi

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karon sun karkata ne ga wasan dirowa daga jirgin sama da laima, musamman ga abin da ke faruwa idan kayan suka ƙi yin aikinsu. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, mun kuma taƙaita tambayoyin ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Malam, na kalli wani bidiyo inda laimar wani mutum ta fito a cukurkuɗe, sai ya yar da ita, wata kuma ta buɗe. Shin kowa ne yake da laima biyu? Kuma ta yaya mutum zai rabu da laimar da ke ɗauke da nauyinsa alhali yana cikin faɗowa?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka gani shi ne ainihin tsarin da aka gina wasan a kansa. Duk wanda ya diro daga jirgi don wasa yana goye da jaka guda mai ɗakuna biyu, na ƙasa yana ɗauke da babbar laima, na sama kuma da laimar ko-ta-kwana, kuma a ƙasashen da wasan ya kafu ƙa'ida ba ta yarda a fita da laima ɗaya ba. Galibi ana fita ne daga nisan kusan mita 4,000, kuma bayan daƙiƙa goma sha wani abu gudun faɗowar mutum yakan tsaya a wajen kilomita 200 a awa ɗaya, wato kusan mita 55 a kowace daƙiƙa. Idan lokacin buɗewa ya yi, sai ya kai hannu ƙasan jakar ya zaro wata 'yar ƙaramar laima ya jefa ta cikin iska. Wannan 'yar laimar ja tana haɗe da doguwar igiya, kuma da zarar ta kama iska sai ta fizge wani lanƙwasasshen fil da ke kulle jakar, ta ɗago ƙunshin da babbar laimar take ciki, igiyoyi su warware daga robobin da suka riƙe su, sannan laimar ta fito iska ta cika ta. Akwai wani ƙyalle mai kusurwa huɗu da ake kira silaida, wanda yake tattare igiyoyin daga sama yana zamowa ƙasa a hankali, don kada laimar ta buɗe farat ɗaya ta ji wa mutum rauni. Laimar da ake amfani da ita a yau siffar fiffike gare ta, kuma asalinta ƙirar Domina Jalbert ce ta shekarun 1960.

Rabuwa da laimar da ta lalace kuwa ba da wuƙa ake yin ta ba. A kowace kafaɗa akwai zobba uku, wanda Ba'amurken nan Bill Booth ya ƙirƙiro a shekarun 1970. Babban zoben yana jikin ɗamarar da mutum ya saka, na tsakiya ya ratsa ta cikinsa ya naɗo, ƙaramin ya ratsa ta cikin na tsakiya shi ma ya naɗo, sai wata 'yar farar igiya ta riƙe ƙaramin, ita kuma wata waya mai ruwan ɗorawa ce ta tokare ta. Kowane zobe yana rage nauyin da ke kan na bayansa, ta yadda nauyin da ya isa kan wayar kaɗan ne ƙwarai. Idan mutum ya ja mariƙin da ke ƙirjinsa na dama, wayoyin biyu za su zare, zobban su kuɓuce, babbar laima ta tafi. Sai ya ja mariƙin hagu, wanda ke zare fil ɗin laimar ko-ta-kwana, ita kuma 'yar laimar janta wani naɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle ne ke harba ta waje.

Ƙungiyar masu dirowa da laima ta Amurka, USPA, ta ƙiyasta cewa a 2023 an yi dira kimanin miliyan 3.65 a ƙasar, mutum 10 suka rasu. Buƙatar laimar ko-ta-kwana takan taso ne kusan sau ɗaya a cikin dira dubu, a wasu shekarun ma fiye da haka kaɗan, saboda haka duk wanda ya daɗe a wasan ya san ranarsa za ta zo, kuma ana horar da shi a kan haka tun kafin ya taka jirgi.

Tambaya: Me yake sa laima ta ƙi buɗewa daidai? Lalacewar kaya ce, ko kuwa tsautsayi ne kawai?

Amsa: Akwai wanda yake faruwa ko da an yi komai daidai, amma a ganina kaso mafi girma a ƙasa ake shuka shi, a hannun mai naɗewa ko mai sakawa, sai dai a sama ne yake bayyana. Masu wasan sukan raba matsalolin gida biyu gwargwadon gudun da mutum yake yi lokacin da suka same shi, domin gudun ne yake nuna yawan lokacin da ya rage masa.

Masu hatsarin gaggawa su ne waɗanda mutum yake ci gaba da faɗowa da cikakken gudu. Yana iya laluben mariƙin 'yar laimar ja ya rasa, ko ya same shi ya ƙi zaruwa saboda an cusa ta a dunƙule. Yana iya jefa ta amma ta riƙa binsa a baya ba ta buɗe jakar ba, kuma wannan yawanci dalili biyu ne ke kawo shi. Na farko, an bi da igiyar jan ta ƙarƙashin murfin da bai kamata ba, sai ƙarfin jan ya tsaya a kan murfin bai kai ga fil ba. Na biyu, yawancin 'yan laimar ja na ƙwararru an yi su ne su saki iska bayan sun gama aiki, kuma dole mai naɗewa ya sake ɗana su kafin ya rufe jaka, in ya manta to za ta fita a saɓule ba ta da ƙarfin jan komai. Akwai kuma inda ƙunshin zai fito amma igiyoyi su sarƙe a bakinsa laimar ta kasa fita. Mafi muni a cikinsu shi ne jakar ta buɗe da kanta alhali 'yar laimar ja tana nan a aljihunta, sai igiyoyi da ƙunshi su riƙa yawo a bayan mutum suna maƙale da shi ta wuri biyu, daidai hanyar da laimar ko-ta-kwana za ta bi. Abin da ke jawo wannan sau da yawa bai wuce igiyar rufi, wato 'yar igiyar da fil ke shiga idonta ya kulle jakar, da ta tsufa ko ta yi sako-sako ba.

Gida na biyu shi ne inda laima ta fito ta rage gudu amma ba ta yi kyau ba. Igiyoyi suna iya murɗewa, wanda a babbar laimar ɗalibai sau da yawa ana warware shi ta hanyar ware maratayai, wato maɗauran da ke haɗa igiyoyin da kafaɗu, da hannu da shura ƙafa, amma a ƙaramar laima mai gudu yakan jefa mutum cikin juyi yana kallon sama, kuma a nan babu abin yi sai a sake ta. Igiya tana iya haurawa ta saman laimar ta shaƙe ta a tsakiya, ko ta ƙulle da 'yar'uwarta, ko ta tsinke. Igiyar linzami ta gefe ɗaya tana iya kuɓucewa lokacin buɗewa saboda ba a ɗana ta da kyau ba, laima ta fara juyawa gefe guda. Yadda mutum ya kwanta a iska lokacin da ya jefa 'yar laimar ja shi ma yana da tasiri, domin kafaɗa ɗaya idan ta yi ƙasa ƙunshin yakan tashi yana juyawa.

Bayan buɗewa ana koya wa ɗalibi ya tambayi kansa ko laimar ta fito gaba ɗaya, ko siffarta daidai take, ko tana bin linzami dama da hagu kuma tana rage gudu idan aka ja linzaman tare. Ƙa'idar USPA ta ce ɗalibi da mai lasisin farko su buɗe a ƙafa 3,000, kusan mita 900, kuma su yanke shawarar sakin laimar kafin su gota ƙafa 2,500. Ƙasa da ƙafa 1,000 ba a ba da shawarar a saki babbar laima ba, domin ta ko-ta-kwana ba lallai ta sami sararin buɗewa ba. Mutane da dama da suka rasu suna da lafiyayyar laimar ko-ta-kwana a bayansu, kokawa da wadda ta lalace ce ta ɗauke musu hankali daga duba ma'aunin nisa har ƙasa ta matso.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, na fara dira ni kaɗai. Me ya kamata in duba, kuma yaushe? Gaskiya ina jin nauyin bincika jakar da wanda ya fi ni ƙwarewa ya naɗe, kamar ina zarginsa ne.

Amsa: Ɗan'uwa, ka ajiye wannan nauyin tun yau. Mai naɗe laima na ƙwarai yana jin daɗin ganin ka buɗe murfi ka duba, kuma wanda ya ɓata rai saboda ka duba aikinsa bai cancanci ka sake ba shi jakarka ba. Kai ne za ka goya ta, kuma a dokar wasan alhakin kayanka yana wuyanka ko wane ne ya naɗe.

Ana dubawa sau uku: kafin a saka jakar, kafin a shiga jirgi, da kuma dab da fita. Dubawar farko ita ce mai zurfi, kuma ya kamata ka riƙa yin ta da tsari guda kullum, daga sama zuwa ƙasa, daga baya zuwa gaba, domin hannunka ya haddace ta. Ka fara da na'urar buɗewa da kanta, wato wadda ke buɗe laimar ko-ta-kwana idan mutum ya kasa, ka kunna ta ka tsaya har ta gama gwajin kanta. Sai ka ɗaga murfin ɗakin sama. Za ka ga miƙaƙƙen fil ɗin laimar ko-ta-kwana ya ratsa idon wata 'yar igiya, da jan zare siriri da aka ɗaura masa, da hatimin dalma a jikinsa. Ka tabbata fil ɗin ya shiga sosai, bai lanƙwashe ba, zaren bai tsinke ba, kuma wayar da ta taho daga mariƙi tana motsi a cikin bututunta. Ka zaro katin da ke ɗan aljihun jakar ka karanta ranar da aka naɗe ta ƙarshe.

Daga nan sai ɗakin ƙasa. Ka dubi igiyar rufi da kyau, wato 'yar gajeruwar igiyar da ta ratso ta ƙofofin ƙarfe na murafen jakar ta fito waje fil ya shiga idonta. Sabuwa santsi gare ta. Idan ta fara tsufa za ka ga ta yi gashi-gashi daidai inda take gogar ƙarfe, launinta ya dushe, kuma abin da ake koyarwa shi ne a sauya ta da zarar lalacewar ta kai kashi goma cikin ɗari. Sauyawar ba ta cin minti biyar, amma na sha mamakin yadda mutane ke cewa bari a yi dira ɗaya tukuna. Ka taɓa fil ɗin da yatsa, ya kamata ya motsa idan ka tura shi da ɗan ƙarfi, amma kada ya zame da kansa. Sannan ka bi igiyar ja da yatsanka tun daga fil har zuwa aljihun 'yar laimar, ka tabbata babu inda ta shige ƙarƙashin wani abu. A jikinta akwai wata 'yar taga da ke nuna zare mai launi idan an ɗana 'yar laimar, in ba ka ga launin ba to a buɗe jakar a gyara. Aljihun da kansa na yadi mai talewa ne, idan ya saki har 'yar laimar tana leƙowa to yana iya sakinta a bakin ƙofar jirgi, kuma laimar da ta buɗe a ƙofa tana iya fizgar mutum ta buga shi a wutsiyar jirgi, ta jefa duk waɗanda ke ciki cikin hatsari.

Bayan ka saka jakar, masu wasan suna da abin da suke kira duban uku-uku: zobba uku, maɗaurai uku, mariƙai uku. A zobba ka ga kowanne ya ratsa ɗaya kacal, farar igiyar ta bi ta ƙaramin zoben kaɗai, wayar kuma ta ratsa ta. A maɗaurai, na ƙirji da na cinyoyi biyu, ka tabbata kowanne ya bi ta cikin ƙarfensa yadda zai cije idan aka ja, babu murɗewa, kuma ragowar an soke ta. Maɗaurin ƙirji shi ne wanda aka fi yin kuskure a kansa, domin idan aka zura shi ba ta hanyar da ta dace ba yana kama da wanda aka ɗaura daidai ga mai kallo daga nesa, sai an sa hannu an ja za a ga ya zare, kuma an sami waɗanda suka fice daga ɗamararsu lokacin buɗewa saboda wannan. A mariƙai kuwa ka taɓa su bi da bi yadda za ka yi amfani da su, na babbar laima, na sakinta, sannan na ko-ta-kwana. Ka duba ma'aunin nisa yana kan sifiri, hularka da tabarau a ɗaure.

A cikin jirgi mutane suna zaune a matse, jaka tana gogar bango da gwiwoyin na baya, saboda haka abin da yake daidai a ƙasa yana iya gocewa kafin a kai sama. Shi ya sa kake roƙon na bayanka ya duba maka fil, tun da idonka ba ya kaiwa can, kai ma ka duba na wanda ke gabanka bayan ka nemi izininsa, kuma ka kare mariƙanka da hannu duk lokacin da za ka motsa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa ba ɗalibai ne suka fi tsallake wannan binciken ba, domin tsoro yana sa su kula. Waɗanda suka saba ne, kuma Hausawa sun ce sabo turken wawa. A watan Afrilun 1988, a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, wani mai ɗaukar bidiyo da ya yi dira fiye da 800 ya fita daga jirgi yana ɗaukar ɗalibi da malaminsa, alhali babu laima ko ɗaya a bayansa, kuma ya rasu. Ana kyautata zaton hankalinsa ya tafi ne ga kayan ɗaukar hoton da yake ɗauke da su. Akwai mutane a cikin jirgin, amma babu wanda ya dube shi da idon bincike, wataƙila saboda kowa ya san ƙwararre ne. Duk lokacin da aka katse ka kana cikin dubawa, ko aka ce jirgi na jira, ko ka ari kayan da ba ka saba da su ba, ka koma farko ka sake.

Tambaya: Na ji an ce akwai na'urar da ke buɗe laima da kanta ko da mutum ya suma. Idan haka ne, mene ne abin damuwa kuma?

Amsa: Gaskiya ne akwai ta, kuma ta ceci rayuka masu yawa. Tunanin ya daɗe. A watan Nuwamban 1959 Joseph Kittinger, hafsan sojan saman Amurka, ya diro daga balan-balan a nisan fiye da mita 23,000, 'yar laimar da ke daidaita shi ta fito da wuri ta naɗe masa wuya, ya yi ta juyawa har ya suma, kuma na'urar buɗewa da kanta ce ta cece shi. Na'urorin da suka biyo baya a wasan farar hula ba su sami karɓuwa sosai ba, saboda sukan tashi a lokacin da bai kamata ba. Abin ya sauya ne a 1991 lokacin da Bajamushe Helmut Cloth ya fitar da wata na'ura mai suna CYPRES, bayan ya rasa wani abokinsa a wasan. Daga baya wasu suka fito, kamar Vigil da ake ƙerawa a Beljiyam.

Na'urar tana auna matsin iska ne, daga nan ta lissafa nisan mutum daga ƙasa da gudun faɗowarsa. CYPRES ta ƙwararru tana aiki idan mutum ya kai kusan mita 225 daga ƙasa yana gudun da ya wuce mita 35 a daƙiƙa, sai ta harba wata 'yar wuƙa ta yanke igiyar rufin laimar ko-ta-kwana. Ka lura cewa mita 225 a cikakken gudu kusan daƙiƙa huɗu ne kafin ƙasa, wato sarari ne da ya isa laimar ta buɗe da ƙyar, ba tare da ragowar lokacin zaɓar wurin sauka ba.

Iyakokinta kuma sanannu ne. Aikinta ya tsaya ga yanke igiya, ba ta sakin babbar laimar da ta cukurkuɗe, kuma idan lalatacciyar laimar ta rage gudun mutum ƙasa da ma'auninta ba za ta tashi ba, ko da gudun ya isa kisa. Wanda ya yi jinkirin buɗe babbar laimarsa yana iya samun na'urar ta tashi tana cikin buɗewa, ya wayi gari da laima biyu a sama, waɗanda wani lokaci sukan rabu dama da hagu su nufi ƙasa da shi. Tana ɗaukar wurin da aka kunna ta a matsayin ƙasa, saboda haka a filin tashi ake kunna ta, kuma idan wurin sauka ya fi shi tudu ko kwari sai an gyara mata lissafi. Idan ka kunna CYPRES za ka ga lambobi suna sauka daga 10 har sifiri, kuma tana kashe kanta bayan awa 14. Wanda ya danna ya juya baya bai tsaya ya ga sifirin ba, bai san ko tana aiki ba.

Akwai kuma wata igiyar haɗi da ke tsakanin maratayin babbar laima da fil ɗin ta ko-ta-kwana, wadda ke zare fil ɗin da zarar babbar ta tafi, da wata ingantacciyarta mai suna Skyhook da ke amfani da laimar da aka saki wajen fizgo ta ko-ta-kwana da sauri. Duk da haka ana koyar da kowa ya ja mariƙansa da hannunsa kamar babu ɗayansu.

Tambaya: Ita laimar ko-ta-kwana ba ta lalacewa ne?

Amsa: Tana iya lalacewa, amma da wuya, domin an ƙera ta ne don buɗewa da sauri kuma a miƙe, kuma ba kowa ke taɓa ta ba. A Amurka hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, FAA, ta wajabta ƙwararren mai lasisi ya buɗe ta, ya bincika ta, ya sake naɗe ta duk kwana 180, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Kafin ƙarshen 2008 wa'adin kwana 120 ne. A Birtaniya wata shida ne. Mai naɗewar yana sa hannu a kati, ya buga hatiminsa, kuma masu kula daga cikinsu suna ƙirga kayan aikinsu kafin da bayan aiki, domin fil na wucin gadi ko maɗaurin da aka manta a ciki ya isa ya hana ta buɗewa. Yawancin lokutan da ta gaza, ko dai an buɗe ta a ƙasa sosai, ko ta sarƙe da babbar laimar da ba a saki ba, ko mutum yana wuntsilawa lokacin da ta fito.

Hatimin nan yana kuma nuna ko wani ya taɓa ta. A 2015 a filin Netheravon da ke Ingila wata ƙwararriya ta faɗo daga nisan ƙafa 4,000 bayan laimominta biyu sun gaza, ta tsira da munanan raunuka. Bincike ya gano an cire 'yan maɗauran da ke haɗa igiyoyin laimar ko-ta-kwana da maratayanta, kuma a 2018 kotu ta sami mijinta da laifin yunƙurin kisa. Irin wannan abu ne da ba a saba gani ba, amma ya isa dalilin da zai sa mutum ya adana jakarsa inda hannu ba ya kaiwa.

Tambaya: Malam, ɗana yana so ya yi irin dirar da ake ɗaure mutum a jikin malami. Hankalina bai kwanta ba. Me zai iya dubawa shi da bai san komai ba?

Amsa: Malama, damuwarki tana kan hanya, kuma akwai abubuwan da zai iya yi. Irin wannan dira ta mutum biyu ta fara ne a farkon shekarun 1980, kuma ƙa'idojinta sun fi na sauran tsauri. A Amurka doka ta ce malamin ya kasance ya yi shekara uku a wasan da dira 500 aƙalla, kuma na'urar buɗewa da kanta wajibi ce a jakar. Ana buɗe laimar ne tun a sama fiye da ta mai dira shi kaɗai, don a sami lokacin gyara matsala. Ɗanki yana da damar ya tambayi ko filin yana ƙarƙashin ƙungiyar wasan ta ƙasar da yake, ya nemi ganin shaidar malamin, ya kuma nemi a nuna masa na'urar a kunne. Filin da ake aiki da gaskiya ba ya ƙin amsa waɗannan.

Abin da ya fi shafarsa kai tsaye shi ne ɗamarar da za a saka masa. A daidaita ta da jikinsa tun a ƙasa, maɗauran cinya da na ƙirji da na baya su kama shi sosai, domin ɗamara mai sako-sako ta taɓa sa fasinja ya zame ta ƙasa. Ƙugiyoyi huɗu ne ke haɗa shi da malamin, biyu a kafaɗu biyu a kwankwaso, kuma kafin a buɗe ƙofa malamin zai nuna masa su ɗaya bayan ɗaya. Idan bai nuna ba, ya tambaya da babbar murya. Ya faɗi gaskiya game da nauyinsa da lafiyarsa, musamman ciwon zuciya, farfaɗiya, ko kafaɗar da ta taɓa gocewa, ya kuma gwada ɗaga ƙafafunsa yadda za a buƙata lokacin sauka, domin yawancin raunin fasinjoji a idon sawu da ƙafa yake.

Tambaya: Ina son sayen laima ta hannu. Me zan kula da shi, kuma yaya zan adana ta?

Amsa: Kada kuɗi su fita daga hannunka sai ƙwararren mai lasisi wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya warware komai ya duba, kuma malaminka ya yarda girman laimar ya dace da nauyinka da ƙwarewarka. Wannan na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda sababbi ke zato, domin kaso mai yawa na mace-macen wasan a yanzu yana faruwa ne a ƙarƙashin laimar da ta buɗe lafiya lau, ta hanyar juyawa kusa da ƙasa ko karo da wani, kuma ƙaramar laima ba ta yafe kuskure. Ka sa a auna igiyoyin, saboda irin Spectra suna ƙanƙancewa da zafin gogar silaida har siffar laimar ta sauya, irin Vectran kuwa ba sa ƙanƙancewa amma sukan tsinke ba tare da alama mai yawa ba. Ka duba ranar ƙera na'urar buɗewa da kanta, tun da kowane kamfani ya gindaya mata iyakar shekarun aiki.

Wajen adanawa, nailan ba ya shiri da hasken rana, zafi mai tsanani, danshi da sinadarai. Kada ka bar laima a shimfiɗe a rana bayan ka sauka, kada ka bar jakar a but ɗin mota, musamman kusa da batir, domin ruwansa yana cin nailan tun kafin ido ya ga alama. Idan ta jiƙe a shanya ta a inuwa, idan kuma ta faɗa ruwan gishiri a kai ta wurin mai lasisi. Sau ɗaya a wata ka kwance zobban nan uku, ka murza maratayan da hannu don kada su sandare a siffa ɗaya, ka goge wayoyin sakin laima da ƙyalle mai ɗan man silikon, sannan ka mayar da su ka sa wani ya duba yadda ka haɗa.